Daga Amfani Zuwa Jere: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tara Alƙaluma Masu Shan Tawada

Tun da aka san ni da alƙalami mai shan tawada a aljihun gaba ba na rabuwa da tambaya. A ofis a tambaye ni, a majalisarmu ta bayan la'asar a Unguwar Sarki a tambaye ni, a gida ma uwargida ba ta ƙyale ni ba. Wasu neman sani suke yi, wasu tsokana ce zalla. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa, na bar su yadda masu su suka faɗe su, na amsa gwargwadon abin da shekaru da ɓarnar kuɗi suka koya mini. Alƙalamin da muke magana a kai shi ne mai tsagaggen bakin ƙarfe wanda ake ɗura wa tawada mai ruwa. Ba biro ba ne, ba kuma na gamba ba, ko da yake su ma za su leƙo cikin zancen.

Malam, guda nawa mutum zai mallaka kafin a ce ya zama mai tarawa?

Babu adadi. Kowa wannan yake fara tambaya, kuma kowa ba ya jin daɗin amsar.

Dubi huluna. Akwai magidanci a garin nan mai hula talatin a sif, zanna da damanga da ƙube da sauransu, amma ba wanda zai kira shi mai tara huluna. Kowace riga ce take da abokiyar tafiyarta, shi ke nan. Akwai kuma mai hula bakwai kacal wanda zai gaya maka wace ce aikin Bama, wace ce aka yi wa kwaikwayo, kuma har yanzu yana neman wani zane guda da ya gani a kan wani dattijo shekarun baya. Na biyun shi ne mai tarawa.

Haka alƙalami. Akawun da ke da shuɗi na rubutu, ja na gyara, baƙi na sa hannu, ɗaya a mota, ɗaya a gida, kayan aiki yake da su ko sun kai goma sha biyar. Abin yana juyawa ne ranar da ka sayi alƙalami ba don kana da abin rubutawa da shi ba, sai don akwai gurbi a jerenka da shi kaɗai zai cike. Mai amfani yana ƙirga abin da ke hannunsa. Mai tarawa abin da babu yake ƙirgawa, kuma ya san sunansa da shekararsa da launinsa.

To ta yaya zan gane na tsallaka?

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya irin na da ya ga amsar. Kwanuka da tasoshi da langa an jera su har kusa da rufi, manya a ƙasa, ƙanana a sama, kuma babu wanda aka taɓa cin tuwo a ciki. Na girki daban suke a madafa. In guda ya ɓata a jeren, mai ɗakin za ta gane tun daga bakin ƙofa. Ranar da alƙalumanka suka rabu gida biyu, na madafa da na jere, ka tsallaka.

Akwai ƙananan alamu kafin nan. Ka sayi irin wanda kake da shi sak, launi ne kawai ya bambanta. Ka fara ajiye kwalin da 'yar takardar da ke ciki, alhali da can jefarwa kake yi. Ka sayi wanda ka san ba ya rubutu, saboda irinsa ya yi wuya. Ka buɗe littafi ko shafi a waya kana rubuta ranar saye da farashi. Wani ya ce ara mini in sa hannu, ka ji gabanka ya faɗi, ka lalubo masa biro.

Ni nawa ya bayyana ne a kan wani alƙalami samfurin Parker 45. Ina da baƙi wanda nake aiki da shi shekara da shekaru ba ƙorafi. Na ga ruwan toka a hannun wani mai tsofaffin kaya, bakinsa ma a lanƙwashe, na biya ba ciniki. A hanyar gida na kama kaina ina tunanin ja da kore. Tun ranar na daina yi wa kaina ƙarya.

Akwai kashi na uku da ba a cika faɗa ba: mai jibgewa. Shi sayen ne daɗinsa. Ya ga mai ƙyalli ya saya, ya jefa a durowa, bayan wata biyu ya sake sayen irinsa don ya manta yana da shi. Yawancinmu ta nan muka fara, wasu a nan suka tsaya.

Yaya, ni duk nawa ina rubutu da su. Ai ban shiga ciki ba ko?

Hannun rubutu ɗaya gare ki, ƙanwata. Alƙalamin da aka ɗura wa tawada yana son a taɓa shi aƙalla sau ɗaya ko biyu a mako, in ba haka ba ruwan tawadar ya tsane, rinin ya daskare a magudana. Mai rubutu kullum zai iya riƙe uku ko huɗu a cike. Abin da ya wuce haka karɓa-karɓa ake yi: a wanke wannan a ajiye, a ɗura wancan. In kina da ashirin kina juya su haka, kin san kowanne da halinsa, to kina tsakiya ne, kuma nan ne wurin da ni na fi so. Amma ki ƙirga waɗanda tawada ba ta shiga cikinsu ba tun sallar bara. Su ne jerenki, ko kin yarda ko ba ki yarda ba.

Me masu tarawa ke bi? Ko kowane iri ake kwasa?

Wanda ya ce zai kwashi kowane iri ya koma mai jibgewa da babban aljihu. Tari yana buƙatar iyaka, iyakar ce ke sa a san inda gurbi yake.

Wasu kamfani ɗaya suke bi. Parker ya fara a 1888 a garin Janesville na Amurka, kuma shi kaɗai ya isa ya cinye rayuwar mutum: Duofold na 1921, Vacumatic na farkon shekarun 1930 wanda ya zo da maƙalin aljihu mai siffar kibiya, sai Parker 51 da ya fito a 1941 aka shafe sama da shekara 30 ana ƙera shi. Akwai mutanen da 51 ɗin kaɗai suke tarawa, saboda launukansa da murafensa suna da yawa, kuma a 1948 an canja masa hanyar shan tawada gaba ɗaya. Masu bin Pelikan na Jamus har tambari suke dubawa: tsuntsun da ke kan murfi da 'ya'ya biyu yake a sheƙa, a 2003 aka mayar da su ɗaya, don haka da kallo guda za ka san ko naka ya girmi wannan shekarar. Matasa kuwa Lamy Safari ya fi kama su. Tun 1980 yake, kuma kamfanin yakan fitar da launi na musamman shekara-shekara. Wannan tarko ne da aka ɗana da gangan, ya kuma kama mutane da yawa.

Wasu dabarar ɗura tawada suke bi, kuma a ganina tarin nan ya fi kowanne ilmi, don tarihin alƙalamin kenan a jere. Matsalar farko ita ce yadda tawada za ta sauko iska ta hau a lokaci guda ba tare da ta yi ambaliya a kan takarda ba. Lewis Waterman ya yi rajistar magudanarsa mai siraran tsagogi a 1884 a New York. Alƙaluman lokacin buɗe su ake yi a ɗiga musu tawada kamar maganin ido. Walter Sheaffer, mai shagon kayan ado a Fort Madison, ya yi rajistar ɗan ƙarfen gefe da ake ɗagawa ya matse jakar roba a 1908. Pelikan ya fito da fistin da ake murɗawa daga gindi ya zuƙo tawada kamar sirinji a 1929. A 1952 Sheaffer ya kawo Snorkel, mai siririn bututu da ke leƙowa ƙarƙashin baki ya sha tawada ya koma, ko goge bakin ba sai ka yi ba. Daga baya kwanson roba mai tawada a ciki, da ake cusawa in ya ƙare a jefar, ya mamaye kasuwa. Alƙalami shida ko bakwai sun isa su ba da wannan labarin, kuma tari ne cikakke.

Wasu ƙasa suke bi. Japan na da manya uku, Sailor tun 1911, Pilot tun 1918, Platinum tun 1919, kuma bakinsu ya fi na Turai siranta: abin da suka sa wa M, wato matsakaici, kusan F ne, wato siriri, a wajen Jamusawa. Masu rubutun ajami da na sani sun fi neman baki mai faɗi da aka yanke a karkace, wanda zai ba da kauri da siranta irin na alƙalamin gamba in an fiƙe shi da kyau.

Da za a bar ni in zaɓa wa ɗan Kaduna, da na ce ya tara alƙaluman da suka yi aiki a garin nan. Tun 1917 da aka dawo da hedkwata daga Zungeru, har 1967 da aka rushe Jihar Arewa, Kaduna garin fayil ne. Duk wanda ya taɓa zama a gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa da ke nan, ko a Gidan Arewa, ya buɗe tsohon fayil, ya ga shafi bayan shafi na tawada, hannu daban-daban, wani ya rubuta wani ya yi sharhi a gefe. Alƙaluman da suka yi wannan rubutu ba su bar garin ba duka. Suna cikin adakoki da akwatunan ƙarfe a Tudun Wada da Unguwar Shanu da Kabala. Parker da aka ƙera a Ingila, Conway Stewart, Platignum na 'yan makaranta, sai Hero na Sin mai ɓoyayyen baki wanda ya kwaikwayi Parker 51 ya kuma zama alƙalamin talaka. Mai kuɗi a Landan ba zai iya haɗa wannan tarin ba, don bai san ƙofar gidan kowa ba a nan.

Kawu, Baba ya rasu mun sami alƙaluma a akwatinsa. Me za mu yi da su?

Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Abu na farko: kada a ɗura musu tawada, kada kuma a murɗa komai da ƙarfi. In tsoho ne mai jakar roba, jakar ta riga ta bushe ta zama kamar ƙanzo, kana ɗaga ƙarfen gefen da ƙarfi sai ka karya shi. Jakar ana sake ta, ƙarfen da ya karye shi ne wahala. In murfi ko gindi ya ƙi buɗuwa, a bar shi.

Na biyu, a karanta jikinsu a haske mai kyau. Suna da ƙasar da aka ƙera galibi suna bakin murfi ko a gangar jiki. A kan baki, 14K ko 585 na nufin zinari ne kashi 585 cikin dubu, 18K ko 750 kuma kashi 750. Parker na 1980 zuwa gaba yana da harafin shekara da aka ɗauko daga QUALITYPEN, Q na tsaye a madadin shekara mai ƙarewa da 0, U mai ƙarewa da 1, haka har N mai ƙarewa da 9.

Na uku, su ma dukiyar mamaci ce. Kada babban wa ya zura a aljihu don abu ne ƙarami. A nuna wa wanda ya sani ya kimanta, a sa su a lissafin gado. Sau da yawa kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, sai magada su yafe wa wanda ya fi so. Amma a yi yafiyar da baki. In an sassaƙa sunan marigayin a jiki, 'yan kasuwa za su rage farashi, ku kuwa a wajenku shi ne wanda bai kamata ya bar gida ba.

Ina ake samun su a Kaduna?

Sababbi masu araha, irin su Hero da Jinhao, akan dace da su wajen masu kayan rubutu a Kasuwar Sheikh Gumi da shagunan littattafai na kan titin Ahmadu Bello, amma yau akwai gobe babu. Tsofaffi sai da yawo da haƙuri: masu gwanjo da tsofaffin kaya a Kasuwar Barci, masu gyaran agogo da tabarau waɗanda akan haɗa musu da tarkacen gida, da kuma baki, wato mutane su san kana nema. Mafi yawan nawa masu kyau ta hanyar ta uku suka zo. Manyan sunaye kuwa sai saƙo ta hannun matafiyi ko oda ta intanet, da kuɗin dako da canjin dala a kai.

An kawo mini Montblanc a farashin shinkafa rabin buhu. In saya?

Araha ba ta ado, Alhaji. Babu alƙalamin da ake yi wa jabu kamar wannan, don farin tauraron da ke kan murfinsa kowa ya san shi. Kamfanin na Hamburg ne, samfurinsa Meisterstück tun 1924 yake, kuma lambar 4810 da ke kan bakinsa tsayin dutsen Mont Blanc ne a mita. Masu jabu sun san duk wannan, suna bugawa. Abin da ke tona su: babban samfurin nan 149 fistin gare shi a ciki, daga kwalba yake sha, in ka murɗe ka ga kwanson roba to ba shi ba ne. In ka ga an rubuta Iridium Point Germany a baki, bakin gama-gari ne. Baƙin jikin na gaske kuma in ka haska shi da fitilar waya mai ƙarfi za ka ga ja-ja a ciki.

Na taɓa faɗawa. Wani ya kawo mini har ofis da kwali da takarda, ya ce ubangidansa ne ya shiga matsi. Ban haska ba, ban murɗe ba, kunya ta hana ni. Kafin wata uku ruwan zinarin maƙalin ya fara ɓarewa. Yana nan a durowa, ina nuna wa masu irin tambayarka.

Zan iya zuba tawadar allo a ciki?

A'a, ko sau ɗaya. Tawadarmu ta gargajiya gawayi ce ko baƙin tukunya da ƙaro. Ƙaron ne ke sa ta kama allo da takarda, shi ne kuma zai daskare a cikin tsagogin magudana waɗanda ba su fi gashi kauri ba. Alƙalamin gamba tsoma shi ake yi a kurtu, in ya toshe a kankare ko a fiƙe sabo. Wannan ba ya kankaruwa. Haka tawadar hatimi da ta injin buga takardu da ta masu zane, duk a nisanta su. A nemi wadda aka yi don shi, kamar Quink ta Parker ko 4001 ta Pelikan. A kula da kwanso kuma: na Parker ba ya shiga Lamy, na Lamy ba ya shiga Pilot, kowa da nasa, sai dai Pelikan da Waterman da wasu da dama sun yi tarayya a ma'auni ɗaya.

Yanayin garin nan ba ya lalata su?

Yana yi, kowane lokaci da irin ɓarnarsa. Da hunturu tawada kan bushe a baki in ka bar murfi a buɗe na ɗan lokaci, ƙura kuma tana shiga ko'ina, in ka goge jiki da busasshen tsumma ka yi masa zane. A hure ƙurar tukuna. Da bazara, wajen Maris da Afrilu, iskar da ke cikin alƙalamin da ya yi rabi tana kumbura da zafi ta turo tawada waje, shi ya sa farar shadda da alƙalami rabin ciki ba sa shiri. A cika shi, a riƙe shi baki sama, kada a bar shi a mota. Da damina fumfuna kan kama akwatin fata, wani lokaci har cikin kwalbar tawada. Kwalbar da ta yi wari ko yauƙi a zubar.

Na jere a wanke su da ruwa mai sanyi har ya fito fari, a bar su su bushe sarai, a ajiye a inuwa. Ban da ruwan zafi, ban da sifirit. Tsofaffi na baƙar roba mai tauri rana na mayar da su ruwan ƙasa, jiƙa su a ruwa ma yana yi. Wanda ya jera su a kabad mai gilashi kusa da taga don baƙi su gani, shekara biyu sun isa ya yi da-na-sani.

Malam, bakin zinari fa? Ya halatta ga namiji? Akwai zakka?

Ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma tambayar tana da muhimmanci ga Musulmin da zai shiga harkar nan, don mafi yawan alƙaluma masu tsada bakinsu zinari ne na gaske, ba ruwa ba. Hani kan sanya zinari ga maza da amfani da ƙoren zinari da azurfa sananne ne, kuma malamai da yawa sun sa alƙalami a ƙarƙashinsa. Ka kai wa malaminka alƙalamin ya gani, ka bambance masa mai ruwan zinari da wanda bakinsa zinari ne. Abin da zan iya faɗa daga ɓangarena shi ne ba zinarin ke taɓa takarda ba. Wani ɗan ɗigo ne na ƙarfe mai tauri da aka liƙa a tsini. An zaɓi zinari a da saboda tawadar zamanin tana cin ƙarfe, yanzu kuwa bakin ƙarfe marar tsatsa yana rubutu lafiya lau. Mutum zai iya haɗa tari mai kyau ba zinari ko ɗaya.

Nisabin zinari misƙali 20 ne, wajen giram 85, baki ɗaya kuwa ɗan ƙaramin abu ne da galibi bai kai giram ɗaya ba. Amma in kana da wani zinarin ko kuɗi a ajiye, ko kuma saye kake yi don sayarwa, lissafin ya canja, don sun zama hajar kasuwanci. Nan ma a koma wa malamai.

Jari ne? In na ajiye za su yi tsada?

Kaɗan ne ke yi, kuma ba su ne za su zo hannunka cikin sauƙi ba. Sabon alƙalami yana rage daraja ranar da tawada ta shige shi. Ko da kana da mai daraja, a Kaduna wa zai saya? Masu biyan kuɗin kirki suna waje, sai ka ɗauki hoto, ka yi jayayya, ka aika, ka jira. Wanda ke neman riba ya sayi tunkiya.

Yallaɓai, maigidana ya cika durowa da su, kuma kullum sai ya ce wannan ne na ƙarshe. Ba almubazzaranci ba ne?

Hajiya, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wani tattabaru, wani turare, wani agogo, wani kallon ƙwallo. Ma'aunin a wajena cefane ne da kuɗin makaranta da haƙƙin 'yan uwa. In waɗannan ba su girgiza ba, sha'awa ce, kuma ta fi wasu da yawa tsabta. In ya fara ɓoye miki farashi, ko saƙo ya iso ya ce kyauta aka ba shi, ko ya ci bashi, to ya wuce gona da iri, kuma shi ma ya sani.

Ki gwada shi da tambaya ɗaya: wanne ya rage maka? In ya ambaci suna biyu ko uku ya tsaya, mai tarawa ne, akwai ranar gamawa ko da tana nesa. In ya yi dariya ya ce ai ba sa ƙarewa, ki karɓi katin banki. Ki kuma ce ya rubuta sunan kowanne da kimarsa a littafi ya nuna miki inda yake ajiyewa. Mun ga gidajen da aka ba yara alƙalamin da ya kai kuɗin babur suka yi wasa da shi, don mai shi bai taɓa gaya wa kowa gaskiyar farashin ba.

Biro ya fi sauƙi, ya fi araha. Me ya sa ake wahala?

Gaskiya ne, shi ya sa ya ci kasuwa. Sunan ma na mutum ne, László Bíró ɗan ƙasar Hungary, wanda ya yi rajistar ƙirarsa a 1938, sai Bic ya fito da nasa mai araha a 1950. Amma biro danna shi ake yi, wannan kuwa nauyinsa kaɗai ya isa, tawadar ce ke bin tsaga ta sauko da kanta. Mai cika shafi goma a zama ɗaya zai ji bambancin a wuyan hannu. Kuma nasarar biron ce ta haifi tarin: sai da abin ya daina zama dole sannan aka fara waiwayarsa.

Ana iya komawa baya? Na ji abin ya ishe ni.

Ana iyawa, na ga waɗanda suka yi, ni ma na rage. Fito da su duka ka shimfiɗa a kan darduma. Ware waɗanda hannunka ke nema da kansa in za ka rubuta wasiƙa mai muhimmanci, da wuya su wuce biyar. Ware waɗanda ke da mutum a bayansu: na mahaifi, na malami, wanda aka ba ka ranar ritaya. Sauran su ne abin dubawa. In suna da zare ɗaya da ya haɗa su, tari ne, ko ka riƙe ko ka nemi mai sha'awa ya ɗauka gaba ɗaya, don a haɗe sun fi daraja. In babu zaren, ka rabar.

Masu arahar nawa 'yan makarantar layinmu na ba, kowanne da 'yar kwalbar tawada, bayan na nuna musu yadda ake riƙewa ba dannawa. Uwar ɗaya ta aiko washegari a gaya mini rigar makaranta ta ɓaci, na aika da kuɗin sabulu. Yarinyar tana aji biyar yanzu, har yau da shi take rubutu, kuma ran nan ta tare ni a bakin masallaci tana tambaya ko irin nata akwai kore.